Kannywood: Me ke sa wani fim ya ɗauki gari, wani ya mutu a makon farko?

Duk mai leƙa YouTube da yamma ya san yadda fina-finan Hausa masu dogon zango suka yi yawa. Kusan kullum akwai sabon da ake ɗorawa, da hoton jaruma ta zaro ido ko jarumi ya ɗaga hannu zai kai mari, an rubuta "kashi na ɗaya" da manyan baƙaƙe. Amma a cikinsu guda nawa ne ke kaiwa kashi na 20? Da yawa sai ka ga sun fito sau huɗu ko biyar, daga nan shiru kamar an shuka dusa. Furodusa ya karye, kuɗin da ya ranto sun narke, a cikin masu kallo kuma ba wanda ya tambayi ina aka kwana.

A ɗaya gefen akwai 'yan tsirarun da suka zame wa mutane jiki. Akwai gidajen da in Juma'a ta yi ake gama girkin dare da wuri saboda Labarina. An yi lokacin da Izzar So ya sa har waɗanda ke cewa su ba sa kallon fim ɗin Hausa suna sayen data a ɓoye. Washegari a majalisa, a teburin mai shayi, a Facebook da TikTok, hirar ke nan.

Abin mamakin shi ne, kayan aikin kusan iri ɗaya ne. Jaruman sau da yawa su ne dai, gidajen da ake haya a yi ɗauka su ne dai. To me ya raba wanda ya ɗauki gari da wanda ya mutu a makon farko?

In ka tambayi masu harkar, wani zai ce sa'a ce, wani ya ce jari, wani ya ce manyan jarumai. Kowanne na da tasirinsa. Sai dai in aka bi tarihin masana'antar na sama da shekara 30, abu ɗaya ke ta maimaita kansa: fim ɗin da ya zauna a zukatan mutane shi ne wanda mai kallo ya tsinci kansa ko gidansu a cikin labarinsa. Labarin nan kuwa shi ne abin da masana'antar ta fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Darasin Sangaya da aka fahimta a baibai

Harkar fim ɗin bidiyo ta Hausa ta kafu ne a 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya. Kafin nan akwai wasannin talabijin irin na su Samanja da Karkuzu da Kasimu Yero, waɗanda ba su da wasu kayan aiki na a-zo-a-gani, amma har gobe iyayenmu na ba da labarinsu suna dariya. Fina-finan farko da dama daga littattafai aka ciro su, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Wato kafin a kunna kyamara, labarin ya riga ya ci jarrabawa a hannun masu karatu. Zuwa 1999 harkar ta yi ƙarfin da har mujallar Tauraruwa ta raɗa mata suna Kannywood, tun kafin a fara kiran ta Kudu da Nollywood.

A daidai wannan tsakanin ne Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito, da Ali Nuhu da Fati Muhammad, ya yi kasuwar da ba a saba gani ba. Labarin yarima ne da yarinyar da ke aikatau a gidan sarautarsu, ga kuma waƙar da aka yi wa kiɗan fiyano mai kama da na gargajiya, wadda ta shiga gidajen biki har ƙetaren iyaka.

Me 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da furodusoshi suka ɗauka daga wannan nasara? Waƙa. Nan take aka koma duk fim sai an cusa masa waƙoƙi, har ta kai ana fara yin waƙar da tallar fim kafin a san me labarin zai ƙunsa. An yi ɗaruruwan irinsu, kuma yau in aka ce ka lissafa goma daga cikinsu sai ka yi ta sosa ƙeya. Abin da aka manta shi ne, waƙar Sangaya ta yi tasiri ne don tana kan labarin da ke taɓa zuciyar talaka, wato wanda ake wulaƙantawa yau yana iya zama abin so gobe. Wasila, wanda ya fito a wannan zamanin, shi ma ya ɗauki gari ne saboda ya taɓo abin da ake jin nauyin faɗa, matar aure da ta ci amanar mijinta da abin da ya biyo baya.

Wannan ɗabi'a ta kwaikwayon fatar nasara a bar tsokar ba ta mutu ba. Da Izzar So ya karɓu, sai ga jerin fina-finai na yaron kirki talaka da 'yar mai kuɗi mai girman kai a kamfanin babanta. Yawancinsu ko sunansu ba a riƙe ba.

Kayan aro ba ya rufe katara

Ba wanda zai yi maganar fim ɗin Hausa ya tsallake Indiya. Tun zamanin da 'yan kasuwar Lebanon ke kawo fina-finan Indiya gidajen sinima na Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba, Bahaushe ya kamu da son su, don ya ga abubuwan da ya sani a ciki: auren dole, biyayya ga iyaye, kunya tsakanin saurayi da budurwa, rikicin mai kuɗi da talaka. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa da ke nuna yadda aka riƙa ɗauko labaran fina-finan Indiya ana sa musu rigar Hausa. Har Titanic na Amurka sai da aka yi na Hausa a 2003.

A wancan lokaci dabarar ta yi aiki, don mafi yawan masu kallo ba sa jin Indiyanci, kwafin ne ke yi musu magana da harshensu. Sai zamani ya juya. Da masu fassara irin su Algaita suka fara ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya, sai ga na asalin da kansa yana Hausa, har da karin magana da barkwancin 'yan Kano, ga faɗa da motoci da jiragen da aka kashe wa kuɗin da duk Kannywood ba ta da su. To wa zai bar wannan ya kalli kwafinsa da aka ɗauka a falo biyu da lambu ɗaya? Yau kuma abin ya fi haka. Matashin da ke da waya yana kallon na Koriya da na Turkiyya, kuma kafin ka gama sakin kashi na ɗaya wani ya gano inda ka ɗauko, ya haɗa hotunan biyu gefe da gefe ya watsa.

Kada a ɗauka sabon abu na nufin jigon da ba a taɓa ji ba. Rigimar gado tsohuwar magana ce a ƙasar Hausa. Amma da Falalu A. Ɗorayi da marubuci Nazir Adam Salih suka kawo Gidan Badamasi, suka zaunar da tsoho mai dukiya da maƙo a keken guragu, ga tarin 'ya'yan da ya haifa da mata daban-daban kowa na lissafin ranar da zai cika, sai kowa ya ga kamar a unguwarsu aka ɗauko gidan. Jigon tsoho ne, amma mutanen ciki da maganganunsu ba a aro su daga ko'ina ba. Wannan ita ce ƙirƙirar da mai kallo ke nema.

Fuskar jarumi da kyan hoto

A zamanin kaset da faifan CD, ɗan kasuwa kan fara tambayar waye a jikin fasta kafin ya sayi fim. Har yanzu furodusoshi da yawa a nan tunaninsu ya tsaya, rabin kuɗin fim ya tafi wajen jarumai biyu, saura a lallaɓa. Gaskiya ne fuskar da aka sani tana sa a danna kashi na ɗaya. Amma ba ta isa ta dawo da mutum mako na biyu ba.

Dubi Daɗin Kowa, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2015. Mafi yawan 'yan wasansa ba wanda ya san su a lokacin. Cikin ɗan lokaci sai ga Kamaye da Adama, da Nazir da Alawiyya, sun zama 'yan gida a ko'ina, har sunayen wasan suka danne na yanka. A 2016 shirin ya ci kyautar AMVCA a rukunin Hausa. Labarin ne ya yi jaruman. Haka Labarina na Aminu Saira: Nafisat Abdullahi, wadda ta fito a Sumayya, ta bar shirin ana tsakiyar tafiya, mutane da yawa suka ce shi ke nan ya mutu. Bai mutu ba. Daga baya ma aka buɗe sabon labari gaba ɗaya, na Mainasara, attajirin matashin da ya ɓoye dukiyarsa don ya gane mai son sa tsakani da Allah, kuma aka ci gaba da kallo.

Ko a Indiya haka abin yake. A 2018 aka haɗa Amitabh Bachchan da Aamir Khan a Thugs of Hindostan, aka narka kuɗi kamar ba gobe. Ranar farko sinimomi suka cika maƙil saboda sunayen, amma da waɗanda suka kalla suka fito suka ba da labari, sai kasuwar ta rushe cikin 'yan kwanaki. Aamir Khan da kansa ya fito ya ba masu kallo haƙuri.

Maganar kyan hoto ma haka take. Kannywood ta yi nisa a wannan fanni, yanzu har da jirgi marar matuƙi ake ɗaukar gari daga sama. Mansoor na Ali Nuhu a 2017 ya nuna fim ɗin Hausa zai iya jan mutane zuwa sinima ta zamani. The Milkmaid, wanda mafi yawansa da Hausa aka yi, ya zama gwarzon fim a gasar AMAA ta 2020, Maryam Booth ma ta samu kyauta a cikinsa. A 2024 Najeriya ta zaɓi Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, ya wakilce ta a gasar Oscar, duk da bai kai zagayen gaba ba. Waɗannan abin alfahari ne. Sai dai mai kallo a waya zai yafe maka hoton da bai fita tas ba, amma ba zai yafe maka sautin da ba ya ji ba, ko hirar da ba ta da kai ba ta da gindi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Faɗakarwa daban, lacca daban

Kusan duk ɗan fim da aka yi hira da shi zai ce faɗakarwa suke yi. To, amma ta yaya? Salon da aka saba shi ne a yi awa biyu ana sheƙe aya, sai a minti biyar na ƙarshe a kawo malami ko dattijo ya zaunar da kowa ya yi musu lacca, mugu ya fashe da kuka ya tuba. Mai kallo ya riga ya san za a yi haka, shi ya sa da an zo wurin yake janyo fim ɗin gaba ko ya kashe.

Fina-finan da suka yi tasiri na gaske ba haka suka bi ba. Ita kanta Arewa24 da tallafin gwamnatin Amurka aka kafa ta a 2014, da manufar yaƙar tsattsauran ra'ayi a Arewa. Da a ce Daɗin Kowa ya fito yana karanto wannan manufa, da ba wanda zai kalla. Sai aka gina gari guda da mai shayinsa da malaminsa da 'yan gudun hijirarsa da maƙwabta Kiristoci, aka bar mai kallo ya ga da idonsa yadda ake yaudarar yaro ya shiga hannun miyagu, da yadda shaye-shaye ke cinye gida. Kwana Casa'in, wanda ya fara a 2019, ya ƙirƙiro jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada, ya nuna yadda ake sayen 'yan jarida da yadda asibitin gwamnati ke lalacewa. Ba a kira sunan kowa ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Manyan Mata kuma ya sa an yi ta muhawara a kan almajiranci da halin da matan da aka saka ke shiga.

A waje ma misalan na nan. Dangal na 2016 labarin wani ɗan kokawa ne a jihar Haryana ta Indiya da ya horar da 'ya'yansa mata har suka yi suna. Saƙonsa a kan darajar 'ya mace ya isa har Chana, inda fim ɗin ya samu kuɗin da ya fi wanda ya samu a gida. A Tribe Called Judah na Funke Akindele, fim ɗin Najeriya na farko da ya haura Naira biliyan 1 a sinima, labarin uwa ce mai ciwon ƙoda da 'ya'yanta biyar da suka rasa kuɗin magani. Wane ɗan Najeriya ne bai san wannan tashin hankalin ba?

Tasiri kuma yana da fuska biyu. Fim ɗin da kullum gidan bene ne da jerin motoci da lefen akwati 24, shi ma yana koyar da wani abu, ko da mai shi bai yi niyya ba. Yarinyar da ta taso tana kallon haka, da saurayin da ke auna kansa da wannan ma'auni, su ne ke biyan kuɗin a rayuwa ta zahiri.

Sanin inda iyaka take

Akwai abin da ya bambanta kasuwar fim ɗin Hausa da sauran: a falo ake kallo, uwa na nan, ƙanne na nan, wani lokacin har da suruka. Fim ɗin da ya sa aka fara neman rimot ana kallon ƙasa ya rasa gidan ke nan. Kuma al'umma ta sha nuna ƙarfinta. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina dandalin shirya fina-finai na Naira biliyan 3 a Ƙofa ta Ƙaramar Hukumar Bebeji, bayan malamai da jama'a sun nuna ba sa so.

Ga kuma hukuma. Tun 2001 Kano ke da Hukumar Tace Fina-finai. Bayan rikicin 2007 an dakatar da harkar na tsawon watanni, kuma a shekarun da suka biyo baya har gidan yari wasu fitattun 'yan fim suka shiga. A 2021 hukumar ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fina-finai. A 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a lokaci guda, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, a kan batun kawo su a tace kafin a saki. Duk furodusan da bai sa wannan a lissafinsa ba yana wasa da jarinsa.

Amma a nan akwai abin dubawa. Garkuwa da mutane da ƙwacen waya da ƙwaya su ne abubuwan da ke hana matashin Arewa barci a yau. In fim ba zai taɓa su ba sam, me ya rage masa ban da soyayya da kishiya? Akwai bambanci tsakanin fim ɗin da ke koya wa yaro yadda ake ƙwace waya, da wanda ke nuna masa uwar da aka kashe wa ɗa a kan waya. Aikin hukuma da marubuta ne su zauna su rarrabe biyun. Hukuma na iya hana fim fita, amma ba ta da hatimin da za ta buga masa ya sa a so shi. Tsoron tacewa ya sa wasu na yin fina-finan da ba su ɓata wa kowa rai ba, ba su kuma burge kowa ba.

Lissafin YouTube da cutar jan rai

Daga tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe. Satar fasaha da masu tura fina-finai a waya da fassarar Indiya suka haɗu suka kashe ta. An gwada sinima, an gwada manhajojin biya kafin kallo irin su Northflix, amma inda jama'a suka tattaru shi ne YouTube, musamman daga 2020 da kullen korona ya zaunar da kowa a gida. A shekarar ce Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina suka fara.

Yana da kyau mai kallo ya san yadda kuɗin ke shigowa. Kafin tasha ta shiga cikakken tsarin samun kuɗin talla, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Daga nan YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka saka a bidiyonsa. Matsalar ita ce, tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ko Nijar ba ta da tsada kamar wadda ake nuna wa na Turai ko Amurka, don haka kallo miliyan ɗaya a nan ba ya kawo abin da mutane ke zato. Shi ya sa furodusoshi ke neman masu ɗaukar nauyi, kake ganin tallar maganin gargajiya da filaye da shagunan atamfa ta cinye mintunan farko, wani lokaci ma a tsakiyar hirar jarumai.

Wannan lissafi ne ya haifar da babbar cutar fina-finan yanzu, wato jan rai. Tunda kowane kashi kuɗi ne, labarin da zai ƙare a kashi 13 sai a ja shi zuwa 60. A nuna mota ta fito daga gida, a nuna ta a titi, a nuna maigadi ya buɗe ƙofa, a nuna an fito an gaisa, an tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Minti bakwai sun tafi ba abin da ya faru. Wanda ya mutu ya dawo, wadda ta warke ta sake mantuwa. Alhali shi YouTube yana lura da minti nawa mutane ke yi kafin su fice, kuma da haka yake yanke shawarar ko zai nuna wa wasu bidiyon. Wanda ya ja labari don ya ƙara samu, sau da yawa da hannunsa yake korar masu kallon da ke kawo kuɗin. Data kuma ta yi tsada, ba wanda zai ƙona ta a kan kallon maigadi na buɗe ƙofa.

Mutumin da ba ya fitowa a fasta

Duk abubuwan da aka lissafa a sama, daga ƙirƙira zuwa saƙo zuwa saurin tafiyar labari, a hannun mutum ɗaya suke farawa, wato marubuci. Shi ne kuma wanda ba a sa hotonsa, ba a gayyatarsa hira, kuma marubutan sun daɗe suna kokawa cewa su ake bai wa mafi ƙanƙantar kaso. Akwai fina-finan da ake zuwa wurin ɗauka ba a gama rubutun ba, darakta ya ce wa jarumai "ku dai yi faɗa a kan maganar gidan nan," kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Fim ɗin da aka fara a haka ya riga ya faɗi, saura kawai a sanar.

Abin takaicin shi ne ba marubuta aka rasa ba. Arewa24 ta nuna amfanin zaunar da marubuta a ɗaki ɗaya su yi ta tufka da warwara kafin a ɗauki ko fitowa ɗaya. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take fito da mata masu alƙalami duk shekara. A Wattpad da zaurukan WhatsApp akwai 'yan mata da matan aure da ke rubuta littattafan da dubban mutane ke bi shafi bayan shafi, har suna biyan kuɗi don a tura musu ci gaba. Waɗannan sun riga sun san abin da ke riƙe mai karatu. Hanyar da ta haifar da fina-finan farko, daga littafi zuwa kyamara, tana nan a buɗe. Abin da ya rage shi ne furodusa ya nemi izini, ya biya haƙƙi yadda ya kamata, ya sa sunan mai labari inda za a gani.

Kuma labaran da ba a taɓa ba sun fi waɗanda aka taɓa yawa. Ina fim ɗin ɗan ci-rani a Legas da abin da yake tararwa in ya dawo gida? Ina na ɗalibar da yajin aikin jami'a ya cinye wa shekaru, ko na matashin da ya saka jarinsa duka a kirifto, ko na 'yan kasuwar Kantin Kwari, ko na masu bin hanyar Agadas? Ina tarihin Sarauniya Amina da na Bayajidda da harshenmu, da kayanmu?

Ƙuri'ar tana hannunmu

A da 'yan kasuwa ƙalilan ne ke yanke hukuncin fim ɗin da zai fita. Yau wannan iko ya dawo wayar da ke hannunka. Duk abin da ka danna, da minti nawa ka yi a kai, da wanda ka tura wa abokai, ƙuri'a ce da ake ƙirgawa. In muka yi ta rububin kallon shirme don mu samu abin zagi, na'ura ba ta san zagi ba, kallo kawai ta gani, kuma gobe irinsa za a ƙara yi mana. In fim ya burge ka, kalle shi a tashar masu shi maimakon wurin masu turawa, don a can ne kallonka zai zama kuɗin da za a biya ma'aikata. In za ka yi suka, faɗi abin da ya lalace a labarin, ka bar zagin iyayen jaruma. Ka kuma riƙa tsayawa kana duba sunan wanda ya rubuta, yadda kake duba na jarumi.

Ku kuma matasa masu burin shiga harkar, da yawanku kun fara da gajerun bidiyo na barkwanci a TikTok, kuma a nan kun riga kun koyi darasin da wasu manya suka kasa koya, cewa in daƙiƙa biyar ta wuce ba ka kama mutum ba ya tafi. Kafin ku ranci kuɗin kyamara ko ku je layin jarumi, ku rubuta labarin, ku karanta wa mutum biyar da ba sa jin kunyarku. In kun tsaya a tsakiya suka ce "sai me ya faru?", to kuna da fim. In suka fara duba waya, ku koma ku sake zama, tun asarar ba ta wuce ta takarda da biro ba.